Butar da Na Zaɓa wa Mama

Da hantsi na isa Jikwoyi ran Laraba, na tarar gidan ya rabu biyu ba tare da kowa ya ja layi ba. A gindin mangwaro matan coci ne a kan benci, suna rera waƙa ƙasa-ƙasa da yarensu. A ƙofar gida maza ne a kan tabarmi, liman a tsakiya, ana jiran saƙo daga masu haƙar kabari. Haka gidan surukaina yake tun asali, ciki ɗaya ya haifi mai zuwa masallaci ya haifi mai zuwa coci, kuma ba a taɓa jin kansu ba. Mama, mahaifiyar maigidana, ita ce ta riƙe su duka. Da asubar ranar Mai ita ya karɓi abarsa. Nasa muke, gare shi za mu koma.

Wata mai sarin alayyafo daga Karu ta zube a tsakar gida tana kuka, tana cewa shekara da shekaru tana saye a lambun Mama, ba a taɓa sallamarta babu gyara ba. Wani tsoho, abokin marigayi mijin Mama, yana ta maimaita wa duk wanda ya zauna kusa da shi cewa yau rafi ya yi maraici. Wata maƙwabciya 'yar haya, wadda ko Hausa ba ta ji sosai, ta shigo da ƙatuwar tukunyar shinkafa a kai tana share hawaye da gefen zani. Duk wannan hayaniya, ina sa ƙafa a tsakar gidan sai ta mutu.

Yayar maigidana ce ta fasa shirun. Ita kaɗai ce 'ya mace a wurin Mama, ita ta yi jinyarta wata uku, ita ta rufe mata ido. Tana tsaye a bakin ɗakin, idanunta sun kumbura.

"Madam ya iso," ta ce, da irin Hausarsu da ke cakuɗa mace da namiji. "Ku ba shi hanya, shi ne mai wanka."

Na gane inda ta dosa. Mama Musulma ce, Yaya kuwa 'yar coci ce, kuma liman ya riga ya ce matan Musulmi ne za su yi wankan gawa. Gwaggo, ƙanwar mijin Mama, ta san yadda ake yi, amma hannunta rawa yake, sai da mai ƙarfi a kusa. Ashe Mama ta bar wasiyya tun tana da baki, ta ce ni za a kira.

Na ce, "Yaya, ya haƙuri? Allah ya jiƙan Mama."

Ta matso har ina jin hucin numfashinta.

"Ke kin kashe ta da ƙarfenki, ke kuma za ki wanke ta. Ni da na kwashe kashinta zan tsaya a waje. Duniya ke nan."

Ni ba kanwar lasa ba ce, a ma'aikatarmu ma an san bakina. Amsa ta zo mini har kan harshe. Maigidana ya taso daga tabarma da sauri ya tsaya a gefena, ya ce a hankali, "Don girman Allah, yau kaɗai, kar ki tanka." Na haɗiye, amma raina yana tafasa. Ƙarfen da take nufi butar ban ruwa ce da na sa aka ƙera wa Mama, abin da nake alfahari da shi fiye da duk wata kyauta da na taɓa yi. A ce ita ce ta kashe ta? Na rantse a zuciyata cewa da zarar an share makoki sai Yaya ta janye wannan magana a gaban kowa.

Ina rubuta wannan ne saboda 'ya'yana, waɗanda ba su tuna kakarsu sai a hoto. Ina so su san ta, ko da sanin zai zo musu da abin da ba zai yi mini daɗi ba.

Ran da aka fara kai ni gaishe ta, ina amarya, 'yar Zariya da digirina da takalmi mai tsini, a lambu muka same ta a bakin rafi. Ina takawa tsinin yana nutsewa a laka. Ta dubi ramukan da na bari a baya, ta ce wa ɗanta, "Ka auro mana mai shuka masara." Tun daga ranar sunana a bakinta 'yar ofis. Da na yi kuskure na kira ƙabilarsu Gwari, ta ɗaga mini yatsa. "Gbagyi. Ki faɗa, bakinki ba zai karye ba." Na faɗa sau uku kafin ta ƙyale ni.

A lokacin mulki ya koma hannun farar hula, Abuja tana ta kumbura. Ka kwana da gona a gabanka, ka wayi gari an kafa harsashin bene. Waɗanda rusau ya koro daga cikin gari suka cika Jikwoyi, maƙwabta suka yi ta yanka gonaki suna sayarwa. Dillalai sun yi sawu a gidan Mama har sun gaji, saboda ɗan zirin filinta na bakin rafi. Amsarta ɗaya ce kullum: "Bulo ba ya shiga miya." Alayyafo take nomawa, da ugu, da latas, da ɗan tattasai, kuma ba ta yarda kowa ya yi mata ban ruwa. Ta ce hannun wani ba ya sanin wane ganye ne ya kwana da ƙishi.

Kamar sauran matan Gbagyi na zamaninta, Mama ba ta ɗora kaya a ka. A kafaɗa take ɗauka, itace ne, doya ce, ruwa ne. Na taɓa tambayarta dalili, ta ƙwanƙwasa goshina da yatsa. "Kai sarki ne. Kin taɓa ganin sarki yana dako?" Haka take sauka rafi ta cika buta, ta cilla ta kafaɗar dama, ta hau gangare, ta sauke, ta bi fangali-fangali tana yayyafawa, ta sake komawa. Butar tata garwar kananzir ce da mijinta ya sa wa hanci tun yana raye, ya bubbuge kusurwoyinta da guduma har suka yi sumul. An liƙe ta da dalma har facin ya fi jikin yawa. Ni kuwa duk ran da na gan ta da wannan garwa kunya nake ji, a ce uwar mijina, ga ni ga shi duk muna aikin gwamnati.

Sai na shiga wani babban kanti a Wuse na sayo mata ta roba, koriya shar, ƙirar waje. Ta karɓa ta yi godiya. Kafin rani ya fita rana ta dafa robar, ta tsage daga wuya har gindi. Mama ba ta yar ba. Ta cika ta da ƙasa ta dasa tattasai a ciki, ta ajiye daidai ƙofar ɗakinta inda ba yadda za a yi in shigo ban gani ba.

"'Yar ofis, kin gani? Bai mutu banza ba."

Matan gidan suka kwashe da dariya, har da Yaya. Na yi yaƙe, amma abin ya ci ni. Na ce mata ta shirya, Asabar mai zuwa za mu Masaka ta zaɓi wadda take so da kanta.

Ba zan manta wannan kasuwa ba. Rana ta take, ga cunkoso, ga motata na bari a inda ban yarda da shi ba. Muka je layin masu kayan kwano, inda aka rataye bokitai da butoci. Ni na san abin da nake nema, don sai da na yi tambaya a ofis wurin wani da ya karanci aikin gona: a duba kaurin kwanon, a duba haɗin ko ninki biyu ne, a duba kan feshin ko yana cirewa don a wanke ramukan, a duba gindi domin daga nan tsatsa take fara ci. Mama ba ta duba ko ɗaya ba. Sai ta ɗauki buta ta ɗora a kafaɗa, ta yi tafiya har ƙarshen layin, ta dawo, ta ajiye, ta ɗauki wata. Masu rumfa suka fara leƙowa. Wani ya ce, "Mama, fareti ake yi?" Aka yi dariya. Ni da nake tsaye da gilashina da jakata na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Ta gwada sun fi goma kafin ta tsaya a kan wata 'yar sakayau, kwanonta siriri, gindinta a lanƙwashe ba baki.

"Wannan," ta ce.

Na matsa jikin da babban yatsa ya lotsa. "Mama, wannan ai takarda ce. Ko shekara ba za ta yi ba."

"In ya mutu a sayi wani."

"Haka za mu yi ta yi, kowace shekara ana mini dariya? Ni mai ƙarko nake so in saya miki."

"Ke za ki ɗauka, ko ni?"

"Ni zan saya dai."

Kalmar tana fita na san na yi ɓaranɓarama, amma ban janye ba. Mama ta dube ni, ta mayar wa mai rumfa butarsa da hannu biyu, ta ce masa ya yi haƙuri. Muka kamo hanyar Jikwoyi. Da za ta fita daga motar ta ce, "Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo." Na ce a raina, tsofaffi dai da karin magana.

Girman kai rawanin tsiya. Sati na zagayowa na tuƙa mota ni kaɗai har Dei-Dei, na ratsa tireloli da masu siminti, na sami wani maƙeri da ake yabo. Na zayyana masa abin da nake so. Kwano mafi kauri da yake da shi. Haɗi ninki biyu, a bi da dalma ciki da waje. Kan feshi mai cirewa. Sannan na kawo dabarar da na fi ji da ita: a naɗa zoben baƙin ƙarfe a ƙarƙashi, tsayin yatsa biyu, yadda gindin ba zai taɓa zama a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa ba balle ya yi tsatsa.

Maƙerin ya sosa ƙeya. "Hajiya, za ta yi ƙarko kam, har jikoki. Amma wa zai riƙa ɗauka?"

"Kai dai yi aikinka."

"Na ga dai da nauyi, ga zoben nan..."

"Malam, da hannu ake riƙe buta, ba a kanta ake kwana ba."

Ya yi abin da aka sa shi. Ran da na je karɓa na cika ta da ruwa na ajiye a kan busasshen siminti, muka tsaya muna kallo, ko ɗigo. Na ɗaga ta da mariƙinta na yi taku biyar, na ce madalla. Na ga Mama da kaya a kafaɗa ya fi sau ɗari, na tsaya a Masaka ina kallon tana gwadawa, amma ko sau ɗaya tunanin bai zo mini ba in ɗora wannan buta a tawa kafaɗar. A gidanmu ba a ɗaukar kaya a nan.

Da babbar Sallah na kai mata, lokacin da gida ya cika, 'yan coci ma sun zo cin nama. A gaban kowa na miƙa. Aka yi ta shafawa ana yabawa. Mama ta juya ta, ta bi zoben da babban yatsa tun daga farko har ya zagayo, ta daɗe tana yi. Sannan ta ce, "Allah ya yi albarka, 'yar ofis." Washegari, tana kasuwa, na ji mai sayen gwangwan yana wucewa da kurarsa, na ɗauko tsohuwar garwar na ba shi don kada ta koma mata. Da ta dawo ta nema, na gaya mata da fara'ata. Ta tsaya a tsakar gida hannunta a sake. Wannan ce rana ɗaya tak da na yi abu Mama ba ta tsokane ni a kai ba, kuma sai da na shekara kafin na tuna hannun wa ya bubbuge garwar nan.

Ta ɗauki butata. Rani biyar tana ɗauka. Ko lotsawa ba ta yi ba, kuma duk wanda ya biyo ta lambu sai ta nuna masa. "Matar ɗana ya je har Dei-Dei da ƙafarsa ya sa aka yi mini." Labarin yana dawowa kunnena ina jin daɗi, har a ofis nake ba da shawara kan yadda ake zaɓen butar ban ruwa. Na lura ta fara ninka tsohon zani tana ɗorawa a kafaɗa a ƙarƙashin riga, ta ce sanyin tsufa ne. Wata rana Yaya ta tare ni a bakin mota ta ce, "Matarmu, butar nan fa..." Mama ta daka mata tsawa da yarensu daga cikin ɗaki, ta ja bakinta. Na ce hassada ce, ita ba ta taɓa saya wa uwarta abin da ya kai wannan ba.

Kada a ɗauka tsakanina da Mama faɗa ne kawai. Da na haifi 'yar fari na sha wuya, mahaifiyata kuma ba ta da lafiya a Zariya. Mama ta bar lambunta a hannun Yaya, abin da ba ta taɓa yi ba, ta tare a gidanmu na Garki kwana arba'in. Ita take dafa ruwa, ita take mini wanka, tana gasa ni tana mita wai jikin 'yan ofis kamar dafaffiyar kabewa. Ta san kowane tabo a jikina. Ni ban taɓa ganin ko bayanta ba.

Wata safiya ta faɗi a gangaren rafi da buta cike da ruwa, ƙugunta ya karye. Waɗanda suka ɗauko ta sun ce a kafaɗar hagu butar take, suna ta mamaki, don kowa ya san da dama take ɗauka. Ban ba maganar muhimmanci ba. Tsohuwa ce, ga santsi, me ya rage? Wata uku tana kwance. Ina zuwa duk Asabar da lemo da magani, in zauna rabin awa a kan kujera in tafi. Juyawa da wanka da shafa mai, duk Yaya ce.

Wannan ne abin da ke raina a tsakar gidan nan ran Laraba, da na ce sai Yaya ta janye maganarta. Liman ya aiko a hanzarta, ana so a kai ta kafin azahar. Gwaggo ta kama hannuna muka shiga, na tura ƙofar langa-langa na saka sakata. Ta ƙasan ƙofar ina ganin ƙafafun Yaya, ba ta matsa ko nan da can ba.

Mama ta ƙanƙance a kan tabarma. Muka lulluɓe ta da zani, Gwaggo tana faɗa mini ina yi. Na naɗe hannuna da ƙyalle na tsarkake ta, na yi mata alwala, na wanke kai. Gwaggo ta ce, "Yanzu dama. Ki juya ta a hankali." Na tallafo ta na zame zanin daga kafaɗa.

Da farko na ɗauka inuwa ce. Na matsar da ita wajen hasken taga. A saman kafaɗar dama akwai rami a lanƙwashe kamar rabin bakin ƙwarya, faɗin yatsa, ya nutsa cikin naman har ƙashi ya fito. Gefensa baƙi ne, ya yi kanta. Tsakiyarsa fari, irin farin wurin da ya sha fashewa yana warkewa yana sake fashewa. Na san wannan lanƙwasa. Ni na auna wa maƙeri ita da yatsuna. Na leƙa ta hagu, can ma ya fara, sabo, ja.

Kofin ruwan ya suɓuce daga hannuna.

"Gwaggo, tun yaushe?"

"Tun ranin farko."

"Ba wanda zai gaya mini?"

"Ya hana. Ya ce wanda ya faɗa bai yafe ba." Gwaggo ta share ido da bayan hannu. "Kin san me mutanen garin nan suka ce da ɗanmu ya auro ki? Sun ce ya auro Hausa mai boko, za ki raba shi da mu, ƙyamarmu kike. Wannan buta shi ne amsan da yake ba su. Ya ce in ya ajiye, sun ci gari."

Na zauna daɓas a jiƙaƙƙen siminti. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, kuma ban taɓa tsanar kaina haka ba. Shekara biyar wannan baiwar Allah tana kare mutuncina da naman jikinta, ni ina can ofis ina koya wa mutane zaɓen buta. Ban san ko ta kira ni wankan don in gani ba ne, ko don ta ƙara toshe bakin mutane a karo na ƙarshe. Har gobe ban sani ba.

Daga waje wani ya ƙwanƙwasa taga ya ce liman yana jira. Na tashi na zare sakata. Yaya tana nan inda na bar ta, bayanta matan gida sun yi cirko-cirko.

"Kin gani?" ta ce.

"Na gani, Yaya. Gaskiyarki ce." Na ɗaga murya yadda na gindin mangwaro za su ji. "Gaskiyarta ce. Ni ce."

Na kauce na ba ta hanya.

"Ki shigo ki nuna mini yadda ake taɓa wurin. Ni ban iya ba."

Ta dubi Gwaggo ta saman kafaɗata. Gwaggo ta juya fuska bango, ta shiga gyaran likkafani kamar ba ta ji ba. Yaya ta tuɓe takalmi ta shigo, na mayar da sakata. Ta durƙusa ta ɗora kan uwarta a cinya. Na ɗebo ruwa zan zuba, sai ta kama wuyan hannuna ta sassauto da shi ƙasa har kofin ya kusa taɓa fata.

"A hankali," ta ce. "Kar ki danna. Nan ne yake mata ciwo."

Allah ya jiƙan Mama, ya yalwata makwancinta, ya sauke mata abin da na ɗora mata.